Kwatar da Bao Ya Saya da Hannunsa

Ranar biyu ga wata na biyu ce, ranar da kowane namiji a Zhenjiang yake zuwa aski. Gari ya waye da yayyafi mai sanyi, iskar arewa tana shiga ta hannun riga tana fita ta wuya. Bao Shunfa bai je askin ba. Tun da sassafe yake tsaye a matakalar Kwatar Yamma da mutanensa arba'in da biyu, kowa da gorar dakonsa a kafaɗa da igiya a ƙugu, suna jiran jirgin Kamfanin Taurari Uku da ya taso daga Shanghai da kananzir da sukari.

Da hantsi jirgin ya iso. Ya yi kuka sau biyu kamar yadda ya saba, ya karkato hanci wajen kwata, sai ya tsaya. Suna kallon wani ma'aikaci a goshin jirgin yana jefa igiyar awon zurfi yana janyowa, yana jefawa yana janyowa. Can jirgin ya ja da baya, ya koma tsakiyar kogi ya saki anga.

"Warinmu ya ji," in ji wani daga baya. Ba wanda ya taya shi dariya.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan akwai gangar wani tsohon jirgi ɗaure a gaban Kwatar Yamma, an cire mata inji an yi mata rufi. 'Yan dako suna ce mata Tsohuwa. A jikinta jirage suke tsayawa su sauke kaya, 'yan dako su bi gadar katako su kwaso. A wannan safiya Tsohuwa tana zaune daram a kan laka, ta karkace gefe guda kamar mai ciwon ƙugu. Kogin ya daɗe yana wannan aiki a hankali, yana cin gaɓar arewa yana kawo ƙasar yana jibge musu a ƙofa. Zamanin mahaifin Shunfa, ko a tsakiyar sanyi ruwa yana rufe rabin matakalar nan talatin da shida. Yanzu duk a bushe suke, bayansu kuma laka taku ɗari biyu kafin a kai ga ruwan da zai jiƙa gwiwa.

Ranar nan da kwale-kwale aka yi ta jidar kayan daga tsakiyar kogi zuwa Kwatar Gabas, inda ruwa yake da zurfi. Mutanen Gong Mai Sanƙo ne suka ɗauke su. Mutanen Bao suna hangen su daga nesa, hannuwa cikin riga. A garin nan ɗan dako ba ya ɗaukar ko tsinke a kwatar wani, ko da 'ya'yansa sun kwana biyu ba su ci ba. Wanda ya yi, a karya masa gora a bainar jama'a, ƙafa kuma sai yadda ta yiwu.

Bayan kwana uku Wakili Shao, wanda yake tsakanin Bature da 'yan ƙasa a kamfanin, ya aika aka kira Shunfa. Shunfa ya same shi yana gasa tafin hannu a kan kaskon gawayi.

"Bature ya ce da zarar ruwa ya taso a wata na huɗu, za a ja Tsohuwa a kai ta Kwatar Gabas."

"Mu fa, ranka ya daɗe?"

"Ku wa? Bature bai san Bao ba, bai san Gong ba. Buhu ya sani, da kafaɗa." Shao ya juya hannunsa ya gasa bayansa. "Shunfa, da kana yaro kamfanonin Turawa nawa ne a layin nan?"

"Bakwai."

"Yanzu fa?"

"Uku."

"Biyu. Masu fatu sun kulle shekaranjiya. Ka dai riƙa ƙirgawa."

Shunfa ya fito bai ƙirga komai ba. Abu ɗaya ya tsaya masa a kunne: za a ja Tsohuwa.

Kafin rana ta faɗi matarsa, Uwar Lan, ta ajiye taliya da ruwan tsami da ɗan kabejin gishiri. Ƙanensa Shunlai, wanda kowa ke kira Na-Uku, ya shigo cin abinci kamar kullum, tun da ya kai talatin da biyu ba shi da mai dafa masa. Mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya, ko a kan benci ƙafarsa tana rawa.

"Yaya, yau na je tashar jirgin ƙasa."

"Ka je kallon ƙarfe."

"Na ga mai kula da rumbun kaya. Mutum arba'in yake nema, masu kafaɗa. Manoma yake tattarawa kowace safiya, yau wannan gobe wancan, ko ɗaurin igiya ba su iya ba. Ya ce in muka zo a ƙungiya, wurin namu ne."

"Ka gaya masa mutanen Bao 'yan ruwa ne?"

"Na gaya masa mutanen Bao suna da ciki."

Uwar Lan ta juya baya don kada mijinta ya ga bakinta.

"Gora ta bar kwata kwana uku, kwata ta zama ta kowa," in ji Shunfa. "Ka manta ne, ko ka sha?"

"Wace kwatar, Yaya? Agwagi ke kiwo a wurin. Matar Tao ta shuka albasa a ƙasan matakala, har ta fito, na gani."

"Ruwa yana tafiya, ruwa yana dawowa."

"Kaya ne ba sa dawowa. Gyaɗar arewa da wakensu da suke saukowa ta jirgin ruwa, yanzu tarago suke hawa. Ko juyowa ba sa yi su dubi garin nan."

Shunfa ya ajiye tsinkayen cin abincinsa. "Baba yana kwance a kabarinsa a kan tudu, fuskarsa tana kallon kwatar nan. Hau ka gaya masa. In ya ce mu tafi, mu tafi."

Na-Uku ya shanye romonsa, ƙafar tana ta rawa.

Rigima tsakanin kwata da kwata a gidan shayi ake fara kai ta. Can Shunfa ya kai ƙarar Gong a kan kayan Tsohuwa. Tsoho Pang, mai kula da haikalin Sarkin Kogi, shi ne alƙalin 'yan dako, don ya yi dako shekara talatin kafin bayansa ya lanƙwashe. Ya zauna a tsakiya da butoci biyu a gabansa, ɗaya koren shayi, ɗaya ja. In aka daidaita sai ya haɗa su a kofi ɗaya kowa ya sha.

Gong Mai Sanƙo ya shigo yana share ruwan sama daga kansa. Ƙato ne, mutumin hayin arewa, mai yawan dariya, da gora sittin a ƙarƙashinsa.

"Ƙane Bao, an ce kun koma noma. In albasar ta nuna a tuna da mu."

"Yaya Gong, an ce kafaɗun yaranku sun kumbura da kayan da ba nasu ba. Na zo in rage musu."

Gong ya yi dariya har da buga tebur. Tsoho Pang ya bar su suka gama, sannan ya karanto abin da ke rubuce a jikin dutsen da ke farfajiyar haikali tun zamanin iyayensu. Layi ɗaya ya ce duk kayan da Tsohuwa ta sauke na mutanen Yamma ne. Wani layin ya ce gaɓa daga gadar dutse zuwa gidan kwastan ta mutanen Gabas ce, da duk abin da ya taɓa ta.

"Wanda ya sassaƙa dutsen nan," in ji Pang, "bai san Tsohuwa za ta yi tafiya ba."

Gong ya daina dariya. "Ƙane, ni ba mugu ba ne. Turo mini goma, in haɗa su da nawa."

"Sauran talatin da uku su ci me?"

"Nawa sittin ne. Su ma ba iska suke ci ba."

"Tsohuwa tamu ce. Ubana ne ya kafa mata gadar."

"Gaɓar tawa ce. Ka ɗauke ta a ka ka riƙe, kada ta taɓa mini ƙasa."

Suka yi ta yi har shayin ya huce. Tsoho Pang ya dubi wannan ya dubi wancan, ya tura butar kore dama, ya tura ja hagu.

"To, saura mai," ya ce.

Shekara ashirin da takwas rabon da a yi haka a garin, amma ba wanda yake buƙatar bayani. A tafasa mai a babban kasko, a jefa ƙarfen ma'auni a ciki. Masu neman hakki su fitar da mutum ɗaya ya sa hannu ya ɗauko. In ɗaya ɓangaren ya kasa yin irinsa, ya bar wurin har abada.

"Ranar sha biyar ga wata," in ji Pang. "Ku je ku yi shawara. Har ranar ana iya haɗa shayi."

Washegari a kan matakalar Kwatar Yamma aka zuba ƙwayar wake arba'in da uku a cikin hula, ɗaya baƙa. Wanda ya ɗauki baƙar shi zai sa hannu, ƙungiya kuma ta ci da iyalinsa muddin ransa. Kowa ya ɗauka ya dunƙule, aka buɗe tare. Baƙar tana tafin Na-Uku.

Ya dube ta, ya yi wata irin dariya. "Ga shi kuwa. Ta san wanda ya fi kowa son kwata."

Shunfa ya tako ya ɗauke ƙwayar daga hannunsa.

"Yaya, ba ni."

"Wa zai ba mai hannu ɗaya 'yarsa? Ni mace na haifa, ta tafi gidan wasu. Gidan Bao yana jiran ɗa daga wajenka."

"To mu fasa gaba ɗaya. Mu je tasha yau ɗin nan. Yaya, ka dube ni. Hannu za ka bayar a kan jirgin da ba ya tafiya."

Shunfa ya dubi mutanensa. Akwai Tao, wanda ubansa ya mutu a faɗan da aka yi a kan wannan matakala. Akwai waɗanda ba su taɓa ganin cikin tasha ba, suna tofar da yawu in sun ji kukan jirgin ƙasa. Duk shi suke kallo. Da mutum ɗaya cikinsu ya ce Na-Uku ya yi gaskiya, wataƙila da ya saurara. Ba wanda ya ce. Shi ma bai ga ta inda shugaban kwata zai fara faɗin haka da bakinsa ba. Ya jefa ƙwayar a aljihu.

Uwar Lan ba ta yi kuka ba da ta ji. Ta ci gaba da yankan kabejinta, can ta ce, "Baban Lan, a garin da ya fi ko'ina ruwan tsami? A zuba shi a ƙasan kasko, a zuba mai a kai. Shi ya yi ta tafasa yana kumfa, man ko ɗumin kirki bai yi ba. Masu wasa a kasuwa haka suke yi."

"A garin nan ko jariri ya san warinsa. Kuma Tsoho Pang ne zai kawo man."

"To ka yi ciwo. Ka faɗi a matakala ka karya ƙafa. Ƙafa tana ɗoruwa."

"Sai Na-Uku ya sa nasa."

Ta ajiye wuƙar. "Hannun nan ba naka kai kaɗai ba ne, ka sani ko?"

Ya sani. Ya fita ya zauna a ƙofar gida yana duban hannun, yana buɗe shi yana rufewa, kamar wanda aka ba aron abu aka ce gobe za a karɓa.

Ranar sha biyar rana ta fito tas, ko gajimare babu. Farfajiyar haikali ta cika, har a kan katanga mutane. Man wake ne, a kaskon da ake dafa abincin biki. Da ya fara hayaƙi Tsoho Pang ya jefa ɗan curin ƙullu. Kafin a yi numfashi biyar ya taso ya yi ja. Tsohon ya tsamo shi da ludayi ya ɗaga kowa ya gani, sannan ya saki ƙarfen ma'auni a ciki, ya nutse da ƙara.

"Butocin suna nan," ya ce a hankali.

Shunfa ya naɗe hannun rigarsa ta dama har kafaɗa. Ya yi abin da yake yi in zai ɗaga buhun da ya fi ƙarfinsa: ya kafa ƙafa, ya fitar da numfashi duka, ya daina tunani. Ya sa hannu.

Daga baya an sha tambayarsa yadda ya ji, bai taɓa iya faɗa ba. Abin da ya tuna shi ne ƙarfen yana da santsi, ya kuɓuce masa sau ɗaya, sai da ya sake lalube. Da ƙarar da man ya yi, irin wadda yake ji kullum daga madafin matarsa. Ya fito da ƙarfen, ya yi taku uku, ya ajiye shi a tebur a gaban Gong. Bai yi kuka ba. In ya yi, bai ci ba. Haƙorinsa ɗaya ya tsage a baki, ya haɗiye jinin.

Mutumin Gabas da ƙuri'arsu ta faɗa wa ya matso. Wani siriri ne mai 'ya'ya huɗu, fuskarsa kamar toka, ya riga ya naɗe hannun riga. Gong ya dubi abin da ke rataye a kafaɗar Shunfa, ya dubi mutuminsa, ya kama shi ta ƙugu ya mai da shi baya.

"Koma," ya ce. Ya juyo wajen Pang. "Kaka, a rubuta. Mun bar musu."

Mutanen Yamma suka ɗaga gorori sama. Shunfa ya taka da ƙafarsa har ya wuce ƙofar haikali, don ba a faɗuwa a gaban kasko. A waje Na-Uku ya tare shi, ya goya shi har gida.

Kwana ashirin yana zazzaɓi. Mai magani ya yi ta shafa masa abin da ya sani, a ƙarshe ya yanke yatsu uku da suka yi baƙi. Biyun da suka rage suka ƙanƙance suka manne da tafi. Gwiwar hannun ma ba ta ƙara miƙewa ba.

A wata na huɗu ruwa ya taso, wani ƙaramin jirgi ya zo ya ja Tsohuwa daga cikin laka. A kan kujera mutanen Shunfa suka ɗauke shi zuwa Kwatar Gabas, ana ta fasa tartsatsin wuta, ana rarraba giyar shinkafa. Sun kwashe gadar katakon da ubansa ya kafa suka sake kafa ta a can. Watan nan jirgi uku ke tsayawa a mako. Mutane suka fanso rigunan sanyin da suka jinginar, mata suka sayi nama. Duk wanda ya wuce Shunfa sai ya rusuna. Shi kuwa yana zaune a kan tulin buhuna da hannu naɗe a tsumma, yana ba da umarni, yana ganin ya sayi abin da ya saya.

Mutanen Gong suka yi mako biyu suna yawo a gari da gororinsu. Da yunwa ta kai musu, Gong ya ja su zuwa tashar jirgin ƙasa. Mai kula da rumbu ya karɓe su da hannu biyu. Da labarin ya zo kwata aka yi ta dariya, ana cewa kifaye sun hau tudu. Na-Uku kaɗai bai yi ba.

A wata na shida jiragen suka koma biyu a mako. A na bakwai ɗaya, shi ma rabin cikinsa iska. Masu sukari suka kulle. Layin gidajen Turawa da ke bakin kogi ya zama tagogi a rufe, ciyawa tana fitowa ta tsakanin duwatsun hanya, wani mai wanki yana shanya a barandar da a da ba a barin ɗan ƙasa ya taka. Mutum arba'in da biyu suna raba aikin mutum goma. Shunfa yana zama tun safe yana duban gabas, in ya hango hayaƙi ya miƙe. Sau da yawa jirgin yakan wuce ta tsakiya, sai igiyar ruwansa ta zo ta girgiza Tsohuwa.

Ana saura kwana huɗu bikin tsakiyar kaka Wakili Shao ya sake kiransa. Ofishin cike da akwatuna, ana ɗaure takardu.

"Kamfani zai tashi ƙarshen wata. Jirage za su riƙa tsayawa a tsakiya su sauke fasinja da wasiƙu, shi ke nan. Tsohuwa an sayar wa masu fasa ƙarfe."

Shunfa ya ce, "Ranka ya daɗe ka san da wannan lokacin da aka hura wuta?"

"Ban sani ba. Bature ma bai sani ba, daga Shanghai aka rubuto. Abin da na sani na gaya maka. Na ce ka ƙirga."

"Ba ka ce kada in sa hannu ba."

"Wane ni in shiga tsakanin 'yan dako da mansu?" Shao bai iya duban hannun ba. Ya tura masa gwangwanin shayi mai kyau. "Kai wa uwargida."

Ya karɓa da hagu, don bai san yadda ake ƙi ba.

Bai koma kwata ba. Ya miƙe hanyar da bai taɓa bi ba, ya haura har tasha. Ya sami Gong zaune a bakin rumbu yana cin ƙosan shinkafa, mutanensa suna sauke buhunan gawayi daga tarago.

"Ƙane Bao. Zo zauna. Na ji."

Shunfa bai zauna ba. "Yaya Gong, ƙanena ne ya fara zuwa nan. Shi aka fara yi wa tayin wurin nan, tun wata na biyu. Akwai shaida."

"An yi muku, ba ku zo ba."

"Mu je gaban Tsoho Pang." Ya ɗaga hannun hagu, gwangwanin shayin yana ciki. "Ina da saura ɗaya."

Gong ya daina tauna. Ya dube shi, babu dariya babu fushi.

"Sauke hannunka, Ƙane. Mai sai inda dutse ya yi magana biyu. Nan babu dutse. Takarda ce, mai rumbu ya rubuta, na dangwala yatsa. Ka hura wuta a nan 'yan sandan jirgi su kama mu duka. Kuma ko an yarda, ni ba zan fito da mutum ba. Me zan ci a ciki?" Ya goge hannu a cinya. "Kana ganin wayo na yi? Kai ka koro mu nan. Ranar nan da yaron nawa ya sa hannu muka ci, da yau ni ne a bakin ruwa ina kallon hayaƙi."

"Ka ce za ka ɗauki goma."

"A wata na biyu na ce. Dubi can." Ya nuna wani dogon jirgin kaya da ya shigo tasha, ya rage gudu, ya wuce bai tsaya ba. Tarago bayan tarago, a rufe. "Gyaɗa ce, za ta Shanghai. Mu gawayi muke saukewa da gishirin da garin zai ci. Yarana rabin yini suke samu. Ba kwatarka kaɗai ruwa ya bari ba, garin ne duka." Ya juyo wajen Shunfa. "Turo huɗu. Masu yara ƙanana. Kada ka ce in ƙara."

Shunfa ya tsaya har tarago na ƙarshe ya ɓace. Ya ce, "Na gode, Yaya," ya juya.

Da kansa ya gaya wa mutanensa, a kan gadar katako. Ya shirya a zage shi, ya ma so a yi. Ba wanda ya zage shi. Tao ya ce ai ba laifin kowa ba ne, wani ya ce Sama ce ta so haka, sannan suka fara gardama a hankali kan waɗanda za a tura tasha, kowa yana faɗin shekarun 'ya'yansa. Alkawarin da suka yi na ci da gidansa muddin ransa ba wanda ya tayar, shi ma bai tayar ba. Da me za su cika shi?

Na-Uku ya zo sallama bayan biki, da ƙunshin kayansa da gorarsa. Masaƙa a Shanghai tana ɗaukar mutane. Ya durƙusa a gaban wansa ya taɓa goshi a ƙasa sau uku.

"Tashi, ka ɓata wando."

"Zan riƙa aiko da abin da ya samu."

"Ka yi aure."

"Zan yi, Yaya."

Uwar Lan ta cusa masa dafaffen ƙwai shida a aljihu, ta raka shi bakin layi. Da ta dawo ta jiƙa tsumma ta zauna tana goge wa mijinta hannun, tsakanin yatsun nan biyu, inda shi ba ya iya kaiwa. Ta karɓo aikin manna akwatunan ashana, dubu a yini. Yana taya ta tura su gefe da hagu.

Aka ja Tsohuwa ranar uku ga wata na tara. Kwatar Yamma kuwa, da yake gora ta bar ta fiye da kwana uku, ta zama ta kowa, kuma ba wanda ya nema.

Cikin gora arba'in da uku, huɗu suna tasha. Goma sha ɗaya sun bi jirgin ƙasa zuwa Shanghai, bakwai sun koma ƙauyukansu, shida suna jan keken ɗaukar mutane, biyar sun shiga soja, biyu sun mutu a sanyin shekarar. Bakwai suna zuwa bakin kogi kowace safiya su zauna. Ta arba'in da ukun tana jingine bayan ƙofar Shunfa. An rasa kwata biyu, da Tsohuwa, da gadar katako, da yatsu uku, da haƙori ɗaya, da hannun dama daga gwiwa zuwa ƙasa.